Kajin da Na Ƙi Kullewa

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki da wannan sanyi? Ki gaishe min da Baba, ko da zai ce a gaishe da uwar kaji.

Mama, hankalina a tashe yake. Tun da agwagin daji suka sauka a fadamar bayanmu, hukuma ta ce kowa ya kulle kajinsa saboda murar tsuntsaye. Ni ban kulle nawa ba. Kin san daga kejin gonar ƙwai na ceto su, ba su taɓa taka ciyawa ba sai a gidana. Ta yaya zan sake rufe su? Maƙwabcina Douwe mai gonar kaji ya leƙo ta shinge ya ce, ku masu ƙin nama sai ganye dai, tausayinku ya fi hankalinku yawa. Na wanke shi tas.

Jiya na tsinci kajina uku a mace, tukkunsu ya yi shuɗi. Idan na kai rahoto, duka za a kashe, har Saartje, gurguwar kazar da jikarki Nynke ke rungumewa kafin ta tafi makaranta. Na binne su, na yi shiru. Kada ki gaya wa Baba.

'Yarki,
Femke

Mama,

Ina fatan kin tashi lafiya. Daga asibiti nake rubuto miki, an killace Nynke, ta gilashi kawai nake ganinta. Shekaranjiya ta tashi da zazzaɓi, idanunta jawur. Kafin in sa takalmi na kira likita, na kira hukuma.

Shekara da shekaru ina cika muku kunne a kan teburin cin abinci cewa rai duk rai ne, ba wanda ya fi wani. Da mutanen hukumar suka zo cikin fararen kaya, ni na buɗe musu akurki, ni na zaƙulo Saartje daga ƙarƙashin benci na miƙa. Hannuna ko rawa bai yi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. An kwashe na Douwe ma, dubbai, saboda kusancinmu. Bai zage ni ba, ya aiko wa Nynke 'yar tsana.

Har yanzu ba zan ci nama ba, amma bakina ya mutu. Sakamakon gwajin murar tsuntsaye da aka yi wa Nynke sai gobe, likitan kuma ba ya haɗa ido da ni.

Ɗazu Nynke ta manna takarda a gilashin, ta rubuta: wa ke ba Saartje abinci? Na ɗaga mata hannu na nuna kaina.

Ki zo, Mama. Ki yi mana addu'a a hanya.

Taki,
Femke