Shayin da Baba Ya Ajiye

Lugbe, Abuja
Watan Fabrairu

Zuwa ga Yayana Surajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya sanyin Japan? Na gwammace in rubuto da in kira, don ka san halin Baba: kunnensa ya yi nauyi, amma da zarar na sassauta murya a waya sai ya ji komai.

Magana biyu ce ta sa na ɗauki biro. Ta farko ta shagon kek ɗina ce. 'Yan ofis ɗin da ke tsayawa a hanyarsu ta shiga gari sun ishe ni da tambayar matcha latte, wato koren shayin Japan da ake haɗawa da madara. Na gaji da cewa babu, na shiga kasuwa na sayo wani koren gari a leda, an rubuta Japan ɓaro-ɓaro a jiki. Na haɗa wa Madam Linda, wadda ta fi kowa naci. Ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye kofin ta ce, "Zulai, miyar kuka kika zuba wa madara?" Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kai da kake zaune a inda ake yin abin, ka taimaka ka gaya mini yadda ake gane mai kyau, in da hali ma ka aiko mini.

Ta biyun ita ce ke hana ni sukuni. Ƙafafun Baba sun sake kumbura, likita ya ce zuciyar ce dai, ya ƙara masa magani. Tuwo sai ya yi loma biyu ya ture. Ko shayi ya daina nema, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin teburin shayi a Idu. Kullum in na dawo daga shago tambayarsa ɗaya ce: "Surajo ya faɗi ranar zuwa?"

Ka gaishe da abokan aikinka. Allah ya tsare.

Ƙanwarka,
Zulai


Japan
Watan Maris

Zulai ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙonki. Labarin miyar kuka ya ba ni dariya har cikina ya ƙulle, na ƙasan kuma ya tsayar da dariyar.

Ni ma ba gwanin shayi ba ne, ƙarfe nake yanka a masana'anta. Amma akwai wata dattijuwa mai shagon shayi a unguwarmu, na je na zauna ta koya mini. Ga gwangwani uku na ba wani ɗan Zariya da zai taho gida ya kawo miki.

Babban na girki ne, shi za ki sa a kek. Korensa ya ɗan dushe, yana da ɗaci, amma sukari da bota za su rufe. Matsakaicin na latte ne, yana da ƙarfin da madara ba za ta danne shi ba. In za ki sayi wani nan gaba, ki dangwala da yatsa ki ja a kan farar takarda. Mai kyau zai bar layi kore shar, mai laushi kamar hoda. In kika ga ya yi rawaya-rawaya ko yana ƙurus-ƙurus, ki ajiye musu kayansu. Ki kuma sansana: na kirki ƙamshin ɗanyen ganye yake yi, ba warin busasshiyar ciyawa ba.

Ƙaramin gwangwanin na Baba ne. Shi ne na sha zalla, ba madara ba sukari. Tsinkar farko ce, an yi wa ganyen rumfa kafin a tsinke, aka niƙa a dutse. Ki tankaɗe ɗan kaɗan a kwano, ki zuba ruwa mai zafi amma ba tafasasshe ba, ki burga da ƙaramin maburgin gorar da na haɗo har ya yi kumfa. Ki fara tambayar likita tukuna.

Abu ɗaya ta nanata mini: wannan shayi ba ya jira. Zafi da haske da iska duk kashe shi suke. A rufe shi ruf, a sa a firiji, kuma da an buɗe a shanye cikin wata guda.

Maganar zuwa kuwa, ban san yadda zan faɗa ba. Sabon wurin aikin ba sa ba da hutu sai mutum ya cika shekara, takarduna kuma suna hannunsu ana sabuntawa. In na taho yanzu na rasa aikin, da aikin kuma ake sayen maganin Baba. Ki ce masa ina nan tafe. Kar ki sa rana.

Yayanki,
Surajo


Lugbe
Watan Maris

Zuwa ga ɗana Surajo,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina yi maka fatan alheri da albarka. Zulai ce ke rubutawa, ni nake faɗa, na kuma hana ta ƙara ko rage.

Tsarabarka ta iso. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Na buɗe na gani. Ban taɓa ganin kore irin wannan ba, ni da na san ganyen shayi kala-kala. Sai dai an ce ka ce ba a tafasa shi. Shayin da bai dahu ba dai, to, kowace ƙasa da nata.

Zulai ta ɗauko kwano za ta haɗa mini, na ce ta mayar. Ka saurara ka ji dalili. Tun ina saurayi nake tashi da asuba in hura wuta a ƙofar masana'antun Idu. Leburori sun sha daga hannuna, direbobi sun sha, har ogogi sukan aiko da kofi. A duk tsawon shekarun nan ban taɓa zama a benci wani ya haɗa ya miƙo mini ba. Mai shayi a tsaye yake shan nasa, ragowar buta. Yanzu Allah ya sa ɗana ya koyo wani haɗi da ban iya ba. To zan zauna, kai za ka haɗa, ka miƙo mini da hannunka. Wannan kaɗai nake so.

Gwangwanin yana nan kusa da ni. Kada ka damu, babu mai taɓa shi.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Mahaifinka,
Umaru Faruku


Lugbe
Watan Afrilu

Yaya Surajo,

Salamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Latte ya karɓu, Madam Linda har kawo ƙawayenta take, kek ɗin ma yana tafiya. Na gode. Amma ba abin da ya dame ni ke nan ba.

Na yi iya yina a kan gwangwanin Baba, na kasa. Na sa shi a firiji, ya tashi da sandarsa ya je ya ɗauko, ya ce tsarabar ɗansa ba za ta kwana da ragowar miya ba. Ko da ya bari ma, wutar sai ta yini ba a kawo ba. Yanzu yana kan tagar ɗakinsa, inda rana ke dukansa tun hantsi. Ka kuwa san zafin Abuja a wannan watan.

Ba shi ke nan ba. Duk wanda ya zo dubiya sai Baba ya buɗe masa ya gani. Mutanen masallaci, 'yan garinmu masu shaguna, matan layi, kowa sai ya kai hanci. Jiya Baba Obadiah ya zo, tsohon direban nan na Idu da ya fi kowa shan shayin Baba. Ya sansana ya ce, "Umaru, wannan shayi tana ƙamshi kamar gona. Ka sha abinka mana, yaro zai kawo wani." Baba ya ce, "Kai dai sansana ka ba ni." Suka yi ta dariya, har tari ya sarƙe Baba. Rabon da in ga ya yi dariya haka na manta, to ta yaya zan fizge abin daga hannunsa?

Da ya yi barcin rana na dangwala na ja a takarda kamar yadda ka koya mini. Yaya, koren ya tafi. Ya fara komawa kalar garin da na sayo a leda. Baba bai lura ba, idonsa ba ya rarrabewa.

Likita ya ce kofi ɗaya ba zai yi masa illa ba. Sannan ya ja ni gefe ya ce duk wanda ya kamata ya zo ya ga Baba, a gaya masa ya zo. Na gaya maka. Ban san abin da zan yi bayan wannan ba. Tsoro nake ji, kuma ni kaɗai ce a gidan.

Taka,
Zulai


Japan
Watan Mayu

Zulai,

Wa alaikumus salam. Na karanta, na sake karantawa.

Na je wurin ogan sashenmu na roƙe shi. Ya saurare ni da ladabi, ya sunkuyar da kai, ya ce zai kai maganar sama. Na koma, ya ce ana dubawa. Ba wanda ya yi mini tsawa, ba kuma wanda ya ce tafi. Da ma faɗa suka yi mini, da na san inda zan sa fushina.

Na aiko da sabon gwangwani irin na farko. Ga shawara: ki kira ni ta bidiyo, ki jingina wayar a gabansa, ni ina faɗa ke kina burgawa. Hannunki ne, amma haɗina ne. Ki lallashe shi, Zulai, ke yake ji. Dattijuwar mai shago ta tambaye ni ko mahaifina ya ji daɗin shayin, na biya kuɗin sabon gwangwanin na fito.

Ki ce masa ya yafe mini jinkirin. Ki riƙa cin abinci ke ma.

Yayanki,
Surajo


Lugbe
Watan Yuni

Yaya,

Salamu alaikum. Ka yi haƙuri da shiruna, mun yi kwanaki a asibiti, yanzu mun dawo gida.

Sabon gwangwanin ya iso kafin mu tafi. Baba ya juya shi ya miƙo mini ya ce in kai shago, shi yana da nasa. Maganar bidiyo kuwa cewa ya yi, "Waya tana da hannu ne?" Ban ƙara tayar da ita ba.

Yau da safe bayan na goge masa jiki ya ce, "Zulai, ɗauko kwanon nan da ɗan maburgin." Na ɗauka so yake ya gani. Ya ce, "Haɗa mini."

Yaya, wata nawa ina roƙonsa ya sha? Na yi magiya, na yi fushi, na turo Baba Obadiah. Yau da ya ce in haɗa, sai ni na koma ina ƙi. Na ce, "Baba, ai Yaya ya kusa zuwa, a bari mana." Ya dube ni ya ce, "Haɗa dai, uwata." Nan na gane ya daina jira.

Na ce bari in ɗauko sabon a shago. Ya ce a'a, wanda ya ajiye yake so. Na tankaɗe, na bar ruwan ya huce, na burga har hannuna ya gaji, kumfar ta ƙi tashi sosai. Ya sa na tayar da shi zaune a kan kujera, ya ce ba a kwance zai sha ba. Ya gyara hularsa. Na durƙusa na miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu, ya yi bismillah, ya shanye a hankali bai bar komai ba.

Ya ce, "Ashe haka ake ji in an miƙo wa mutum." Sannan ya ce in rubuta maka cewa ya sha, kuma ya yi daɗi.

Da na kai kwanon kicin na lashi abin da ya rage a gindi. Ɗaci ne zalla, da warin tsohuwar ciyawa. Mutumin da ke gane ganyen da ya kwana a buta tun daga ƙamshi, ba zai ce bai ji ba. Na tsaya a bakin famfo na yi kuka na ƙoshi, na wanke fuska na koma.

In za ka taho, ka taho.

Zulai


Japan
Watan Yuni

Zulai,

Na ajiye aikin. Takarduna sun dawo hannuna, jirgina sati mai zuwa ne. Na sayi wani gwangwanin, zan riƙo shi a aljihuna. Ki ce wa Baba ya gyara zama, wancan gwaji ne, na gasken yana tafe.

Surajo


Lugbe
Watan Yuni

Yaya Surajo,

Salamu alaikum. Na san an gaya maka a waya. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. An kai Baba bayan azahar. Mutanen Idu sun cika layinmu, Baba Obadiah ya ƙi tafiya gida har yamma.

Na karanta masa saƙonka, ya ji, ya yi murmushi.

Akwai saura kaɗan a tsohon gwangwanin. Ya ce kar a zubar, a ajiye maka, in ka zo ka zauna a kujerarsa in haɗa in miƙo maka. Na ce masa ya lalace. Ya ce ya sani.

Yana nan a kan taga, ban taɓa shi ba. Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Zulai