Mu Muka Sauko da Witek, Mu Za Mu Kai Shi

Cikin alhini, ko da yake ba cikin mamaki ba, don ya daɗe yana gaya mana ya kusa tafiya muna cewa raki ne, Ƙungiyar Matan Dutsen Garn ta ƙauyen Blaencarw ta samu labarin rasuwar Mista Witold Malicki, wanda kowa ya sani da Witek, tsohon sajan na sojan sama, Uban Ƙungiya, mai kula da kaburburan 'yan jirgi, makanikin tarakta, kuma namiji tilo da muka taɓa yarda ya zauna a taronmu, wanda ya cika ranar Litinin da hantsi a kan kujerarsa, bayan ya cinye karin kumallonsa bai rage komai ba.

Muna miƙa ta'aziyya ga ɗansa Mista Emrys Malicki, dattijon cocinmu, da matar Emrys, Misis Glenys, da 'yarsu Sian, da Fasto Hamer, da sauran danginsa na ƙasar Poland. Kuma tunda magana tana ta yawo a gari kan waɗanda za su ɗauki akwatin gawarsa ranar Juma'a, kowa ya faɗi tasa a kantin Pritchard, gara jama'a su ji daga bakinmu.

Yaran yanzu ba su san abin da dutsen nan ya ci a lokacin yaƙi ba. Sansanin koyon tuƙin jirgi yana can bakin teku, a ɗauko samari waɗanda ko gemu bai gama fito musu ba, a ce su zagaya kan duwatsu su dawo, hazo ya sauko, su ɗauka sun wuce Garn alhali Garn yana gabansu. Ba abokin gaba, ba harbi, dutse ne kawai yana tsaye inda Allah Ya ajiye shi. Jirgin su Witek ya faɗi a hunturun 1943, ranar wanki. Muka ji ƙarar inji ƙasa-ƙasa yadda bai kamata ba, sai ƙara guda, sai shiru. Mazan garin rabi suna yaƙi, rabi suna wajen fasa dutse a ɗaya kwarin. Mu huɗu muka hau: ni, da Olwen Rowlands, da Dilys Tudur, da Menna Jarman, hannunmu duk kumfar sabulu.

Su biyar ne a jirgin. Huɗu ba abin da za mu iya yi musu sai rufe su da mayafanmu. Na biyar ɗin shi ne mai bindigar wutsiyar jirgin, wutsiyar ta ɓalle da shi ta faɗa cikin ciyawa can gefe. Muka same shi zaune a ƙanƙara, ƙafa a karye, yana zage-zage da wani yare. Dilys ta ɗauka Bajamushe ne, ta nufe shi da cokalin ɗiban ciyawa. Ya dube ta ya faɗi abin da ya iya na Turanci duka: "Shayi, don Allah." Dilys ta ce, "Kai, wannan ba Bajamushe ba ne, mayunwaci ne."

Muka cire ƙyauren garken tumakin su Menna muka ɗora shi, kowace ta kama kusurwa ɗaya. Duk wanda ya taɓa sauka daga Garn da ƙanƙara a ƙasa ya san ba wasa ba ne ko da hannu rabbana. Menna ce ke riƙe da kusurwar wajen kansa, kuma tun daga saman dutse har ƙofar gidan likita bai ɗauke ido daga kanta ba. Ni da ke wajen ƙafar da ta karye, wadda ta fi shan wahala, ko kallo ban samu ba. Bayan yaƙi bai samu damar komawa ƙasarsu ba, ya dawo Blaencarw da akwati ɗaya da ɗingishi, ya auri Menna, suka zauna lafiya har Allah Ya ɗauke ta shekaru shida da suka wuce.

Hidimarsa ga wannan Ƙungiya ba ta faɗuwa a takarda ɗaya. Shi ya tara tulin duwatsu a duk wurin da jirgi ya faɗi a Garn, ba nasu kaɗai ba, yana ɗauka da hannu yana jan ƙafa. Shi ke yanke ciyawar kaburburan samarin nan a bayan coci, yana yi musu hira kamar suna amsawa, har yana ba su labarin ƙwallo. In dangin wani mamaci suka zo daga Kanada ko Ostireliya suna neman inda ɗansu ya cika, Witek ne ke kai su. Uwar matuƙin jirginsu da ta zo, tsohuwa tukuf, a kan ɗan dokin Olwen ya hau da ita, yana riƙe da linzami, ta tambaye shi ko ɗanta ya sha wahala, ya ce mata a'a, kuma gaskiya ya faɗa, don mu muka gani. Tukunyar shayin Ƙungiya kuwa tun zamanin yaƙi take, ba don gyaransa ba da tuni ta tafi bola.

Ba za mu ce ba shi da aibi ba, don ba a yi wa mamaci ƙarya. Yana maguɗi a karta. Ɗan Katolika ne, amma ya bi Menna cocinmu shekara da shekaru, yana barci a bencin baya, in an tashi waƙa ya farka ya ɓata mana ita. Kabejin da yake jiƙawa a ganga kuwa, warinsa ya taɓa sa maƙwabta suka kira mai gyaran kwata.

To ga maganar da ta tayar da gari. Tun Menna tana raye, duk shekara in mun hau Garn ajiye furanni, sai ya ce, "Ku kuka shigo da ni garin nan, ku za ku fitar da ni. Kada ku bar ni a hannun mazan nan, ko buhun dankali ba su iya ɗauka ba." Muna dariya. Makon da ya wuce da na kai masa miya ya sake faɗa, kuma wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce, "Nesta, da gaske nake." Na ce na ji.

Kowa ya san yadda muke yi a Blaencarw. Maza ke ɗaukar gawa, maza ke zuwa bakin kabari, mata su tsaya a zauren coci suna shafa wa burodi man shanu. Mijina Tomos da ya mutu, ta taga na ga an wuce da shi, wuƙar burodi a hannuna, domin haka na tarar ana yi. Saboda haka da sanarwa ta fito an rubuta "maza kawai", ban ga laifin Emrys ba. Na dai ɗauki sandata, na biya wa Olwen, don mu biyu muka rage cikin huɗun, muka same shi a harabar coci ranar Talata.

Ya ce, "Anti Nesta, na san ya faɗa. Amma kin san garin nan. Tun ina makaranta ake ce mini ɗan baƙo. Sai da na yi furfura kafin su yarda na zama dattijon coci. In na bar mata suka ɗauki Baba, cewa za su yi dama gidan Malicki ba su san al'ada ba."

Na ce, "Emrys, ni na wanke ka ranar da aka haife ka, ban ga baƙo ba, jariri mai ihu na gani."

Ya ce, "Ban da haka, Anti, ku dubi shekarunku. In kuka kayar da shi a gaban jama'a fa? Da wane ido zan dubi mutane?"

Olwen ta ce, "Au, tsoronka ke nan? To ka fi ubanka nauyi, kowa ya gani, Glenys ba ta yi maka rowar abinci ba. Kwanta mu gwada."

Ya ɗauka wasa ne. Kafin ya gama cewa ba zai yiwu ba, 'ya'yan Dilys mata biyu da 'yata Bethan sun ciro ƙyauren lambun Fasto, suna ta ba Fasto haƙuri ta taga. Muka rasa mutum ɗaya a kusurwar kai. Sian, wadda ta kawo uban a mota, ta ajiye jakarta ta ce, "Baba, kwanta mana, ana jiranka." Mutum yana iya musu da tsofaffi biyu, amma 'yarsa ta fi ƙarfinsa. Ya cire hula, ya kwanta da kwat ɗinsa na coci, ya haɗe hannu a ƙirji, yana cewa, "Allah Ya sa kada kowa ya wuce." Ai kuwa lokacin ne motar madara ta tsaya, ga matar Pritchard da ma'aikacin gidan waya sun leƙo ta katanga.

Muka ɗaga. Ni da Olwen a tsakiya, yaran a kusurwoyi, in ana kiran mai shekara hamsin yarinya. Muka zagaya coci da shi, muka bi ta gangaren nan mai santsi wanda maza ke tsoro, muka wuce kaburburan 'yan jirgi. Da farko yana ta ba da umarni, "Ku yi hagu, ku kula da tudun nan," har Olwen ta ce, "Gawa ba ta magana, ɗan nan." Sai ya yi shiru. Na leƙa in ga ko suma ya yi. Idonsa a buɗe, yana kallon Sian da ke saman kansa, ga Garn a bayanta, hawaye na gangara masa cikin kunne.

Da muka ajiye shi bai tashi nan da nan ba. Ya ce, "Ashe abin da Baba ya gani ke nan."

Na ce, "Shi ke nan, sai dai shi da karyayyar ƙafa, kuma bai yi mana surutu kamar kai ba."

Ya tashi ya karkaɗe kwat, ya fyace hanci, ya dubi masu leƙe ta katanga ya ce musu da ƙarfi, "Kun gani ai, sai ku kai labari. Mata za su ɗauki Baba." Ya juyo ya ce, "Anti, ni zan bi bayanku. In dattawa sun cire ni, sun cire ni." Ba su cire shi ba. Sun yi taro, sun yi gunaguni, tsoho Howell Jarman, ƙanin Menna, ya ce bai taɓa ganin haka ba tunda aka haife shi, Fasto ya ce shi ma bai taɓa gani ba, amma ya duba Littafi bai ga inda aka hana ba, a dai mayar masa da ƙyaurensa kafin tumaki su gama da latas ɗinsa.

Saboda haka Ƙungiya na sanar da jama'a cewa za a yi jana'izar Mista Witold Malicki ranar Juma'a da ƙarfe sha ɗaya na safe a cocin Blaencarw, a binne shi kusa da Menna, 'yan taku kaɗan daga abokan jirginsa. Mata shida za su ɗauke shi daga ƙofar coci zuwa kabari. Duk macen da ke son zuwa bakin kabari ta zo, ta sa takalmin kirki, ba mai tsini ba. Duk namijin da idonsa ba zai iya gani ba, akwai burodi da man shanu a zaure suna jiran mai shafawa, kuma Mista Howell Jarman ya riga ya karɓi aikin shayi, don haka kada kowa ya sa rai da shayi mai daɗi. Maimakon furanni, wanda ke da ƙafa ya hau Garn wani lokaci ya ƙara dutse ɗaya a kan tulin.

Ga Emrys da Glenys da Sian, ba mu da dogon wa'azi. Mutumin kirki ne, ya ci ya sha, ya samu shekaru hamsin da wani abu waɗanda abokansa huɗu ba su samu ba, kuma bai taɓa mantawa da hakan ba ko rana ɗaya. Allah Ya ba shi hutawa. Allah Ya ba ku haƙuri da ƙarfin zuciya. Mu kuma, ranar Juma'a, Ya ba mu ƙarfin kafaɗa.

Sa hannu,
Misis Nesta Gittins, matar marigayi Tomos Gittins,
Shugaba kuma Kakakin Ƙungiyar Matan Dutsen Garn, Blaencarw