Sun Aurar da Ni a Takardar Kamfe

Anti Opal, don Allah ki ture sauran wasiƙun gefe ki fara da tawa, kwana goma sha ɗaya kawai suka rage mini. Raina a ɓace yake, in kin ga na yi ta zuba ba tsari ki yi haƙuri da ni.

Shekarata arba'in da huɗu, goma sha biyar daga ciki a kan keken guragu na yi su. Ciwon tsoka ne, irin wanda ke cin ƙarfin mutum a hankali. Hannuwana suna aiki, bakina kuwa ya fi na kowa aiki a garinmu, amma ba na iya sauka daga gado ni kaɗai. Akwai wata baiwar Allah, Rhonda, da ke zuwa ƙarfe shida na safe ta ɗaga ni, ta yi mini wanka, ta shirya ni, da yamma kuma ta dawo. Inshorar da ke haɗe da tallafin nakasassu ce ke biyanta. Ranar da aka janye Rhonda, ranar za a kai ni gidan kula da tsofaffi, in kwanta kusa da 'yan shekara casa'in muna kallon silin tare.

Akwai kuma Lonnie. Bakanike ne, ba shi da yawan magana, shekara bakwai muna tare. Sau uku ya nemi in aure shi, sau uku na ce a'a ina kuka. Kin san dokar: muna ɗaura aure za a ɗauki albashinsa tamkar nawa, tallafin ya tafi, inshorar ta bi shi. Albashin da ko kuɗin batirin kekena ba ya ɗauka cikin daɗin rai! Kuma ba sai an ɗaura ba. In kuna gida ɗaya kuka bar jama'a suna ɗaukarku miji da mata, a wurinsu magana ta ƙare. Gidanmu ɗaya ne da aka raba biyu, kowa da ƙofarsa, kowa da takardar hayarsa. Ba zan ɓoye miki ba, bara na faɗi a banɗaki na yi awa biyar a ƙasa kafin a zo, sai Lonnie ya roƙi mai gidan ya fasa ƙofa a bangon da ke tsakaninmu. Abin da ke akwai ke nan. Masu son su ƙara gishiri sun ƙara tuni.

Cocinmu a cikinsa na tashi. A rafin bayansa aka yi mini baftisma, a maƙabartarsa mahaifiyata take. Ina cikin mawaƙa, sai dai daga ƙasa nake rerawa, su suna kan dandamali. Matakala huɗu ne a ƙofar shiga, duk Lahadi maza biyu ke cicciɓata kamar firji. Shekara tara ina roƙon a yi mini gangarar da keke zai bi, ana ce mini dokar nakasassu ba ta hau kan wuraren ibada ba. To, na ji, dokar gwamnati ba ta hau ba. Ta Allah fa? Allon lantarki mai walƙiya da aka kafa a bakin titi, wannan an samu kuɗinsa cikin wata biyu.

A watan Fabrairu ciwon huhu ya kwantar da ni. Kamar yadda aka saba, zumuntar mata ta fitar da jerin masu kawo abinci, yau wance, gobe wance. Earlene ce ke buga takardar sanarwa ta Lahadi, tsohuwa ce mai kirki, ƙawar mahaifiyata. Da na buɗe takardar sai na ga ta rubuta, a kai abinci gidan Lonnie Tackett da maiɗakinsa. Na kira ta a waya na ce, Anti Earlene, yaushe aka yi bikin ban ci kek ba? Ta ce, "Haba 'yar nan, asirinki na rufa. Me kike so in rubuta, Lonnie da maƙwabciyarsa ta ƙofar tsakiya? Ci kazarki ki yi shiru." Na yi dariya, na ci kazar da burodin masara, na yi shiru. Wannan laifina ne, na ɗauka. Daga nan kuma sai ya zama haka ake rubutawa duk lokacin da sunanmu ya shiga jerin addu'a.

A watan Satumba Fasto Denzil ya kawo mana ɗan takarar majalisar jiha, wai ya zo gaisuwa. Gaisuwar minti ashirin da biyar a kan bagade! Ba zan faɗi sunansa ba, kada in yi masa talla ta biyu. Da aka tashi ya nufo ni, ya durƙusa kusa da kekena, ya dafa kafaɗata, Lonnie na tsaye a bayana, wani ya ɗauki hoto. Ban kawo komai a raina ba, na saba da masu dafa ni ba su tambaya ba.

Bayan mako uku takardar kamfe ta shiga akwatin wasiƙar kowane gida a yankin nan. Ga ni nan ɓaro-ɓaro da rigata shuɗiya. A ƙasa an rubuta: Lonnie Tackett da matarsa, shaida cewa iyali da ikilisiya ke riƙe mutum, ba gwamnati ba. Daga takardar Earlene yaransa suka kwafo sunan. Anti, wannan mutumin da kunnena na ji shi a rediyo yana cewa kuɗin kula da marasa lafiya a gida shi ke lalata zumunci, a rage shi. Ya ɗauki fuskata, fuskar da Rhonda ta wanke da safiyar ranar, yana neman ƙuri'ar da zai kori Rhonda da ita.

Su ma ma'aikatan ofishin tallafi suna da akwatin wasiƙa. Ranar Litinin takarda ta zo: in bayyana ranar ashirin da huɗu ga Oktoba, a sake duba matsayina na aure.

Na sa aka kai ni wurin Fasto, aka sake cicciɓata har ofishinsa. Layi biyu kawai na roƙa, ya rubuta cewa bai taɓa ɗaura mana aure ba, kuma kuskure aka yi. Ya jingina da kujera ya ce, "'Yar'uwa, ba ki ga hannun Ubangiji a nan ba? Ku yi auren ku fita daga bakin mutane, ikilisiya za ta riƙe ki." Na ce, Fasto, wa zai zo ƙarfe shida ya ɗora ni a kan masai, kai ko dattawan coci? Ya yi ja har kunne. Daga ƙarshe ya ce zai rubuta, amma a bari a gama zaɓe, kada 'yan ɗaya ɓangaren su samu abin yayatawa. Zaɓe a Nuwamba yake. Na tuna masa, ya ce in ba da gaskiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da na yi da na koma gida. Lonnie ya ga halin da nake ciki, ya ce a hankali, "To ko mu yi auren kawai, in ƙara aikin Asabar?" Na daka masa tsawa na ce ni ba matarka ba ce, kada ka ƙara. Har yau yana kawo mini kofi da safe, amma ta ƙofar waje yake zagayowa, ya ƙwanƙwasa kamar baƙo.

Ga abin da na ƙudura. Ranar Lahadi, lokacin ba da shaida, zan karɓi makirufo in ɗaga takardar kamfen nan in faɗi komai, da sunan kowa, in ya so su ajiye ni a kan matakala su tafi. Amma in na yi haka Earlene za ta mutu da kunya, ni kuma ban san wani cocin ba. In na yi shiru kuwa, wa zai shaide ni? Ki faɗa mini gaskiya, ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Wadda aka aurar ba ta sani ba,
gabashin Kentucky

'Yar'uwata,

Fushinki yana kan hanya, ni ma da na karanta sai da na tashi na zagaya ɗaki. Amma kwana goma sha ɗaya ba su isa a yi yaƙi biyu ba. Ki ceci Rhonda tukuna, maganar makirufo ta jira.

Gobe da safe ki kira ofishin lauyoyin da ke taimakon marasa ƙarfi kyauta, ko ƙungiyar kare haƙƙin nakasassu ta jiharku. Ki faɗa musu ranar da aka sa miki tun a jimlar farko, ki nemi wani ya raka ki. Ni ba lauya ba ce, kuma irin wannan shari'ar kan juya a kan ƙananan abubuwa da su suka fi ni sani. Kafin ki je, ki tattara takardun haya biyu, takardun wuta da ruwa na kowannenku, da duk inda kika cike fom kika ce ba ki da aure. Ki tambayi ofishin rajistar aure na yankinku ko za su ba ki shaidar cewa babu sunanki a wurinsu. Maganar ƙofar tsakiya kuwa, ki faɗa wa lauya ita da kanki, da dalilinta, kuma in an tambaye ki a ofis kada ki ɓoye. Ƙofa tana da bayani. Ƙarya in an kama ta ba ta da shi.

Kin tafi neman shaida inda ba ta. Fasto bai buga takardar nan ba, Earlene ce ta buga, don haka kalmarta ta fi tasa nauyi. Ta yi kuskure, kuma irin kuskuren masu son mutum ne da ke yanke masa hukunci ba su tambaye shi ba. Sai dai ina kyautata zaton ba ta san abin da alherinta ya jawo ba. Ki gayyace ta gida, ki ajiye mata takardar ofishin a gabanta ta karanta da idonta. Ki roƙe ta ta rubuta cewa ita ta ƙirƙiro kalmar, kuma kin kira ta kin yi ƙorafi tun ranar farko. Wannan wayar da kika yi mata, wadda kike ganin ta tashi a banza, tana cikin manyan hujjojinki. Sannan ta buga gyara a takardar Lahadi mai zuwa. Ofishin ɗan takarar ma a aika musu wasiƙa a nemi gyara a rubuce. Ko sun yi biris, kwafin wasiƙar zai nuna ba da yawunki aka yi ba. In kuma hukunci ya zo ba yadda ake so ba, ki ɗaukaka ƙara nan take, ki tambayi lauya yadda za a ci gaba da biyan Rhonda kafin a gama.

Fasto Denzil yana da 'yancin ya gaskata cewa aure ya fi, yana da 'yancin ya zaɓi wanda yake so. Mai yiwuwa ma da zuciya ɗaya yake cewa ikilisiya za ta riƙe ki, domin wanda bai taɓa ɗaga babban mutum daga gado ba yana ɗauka tiren abinci ne kulawa. Abin da ba shi da hujja a kai shi ne ya riƙe gaskiyar layi biyu saboda kalandar ɗan siyasa. Bayan ranar ashirin da huɗu ki nemi zama da shi da dattawa, ki tafi da Earlene da farar takarda. Ki ce duk mai cewa ikilisiya za ta riƙe ki ya rubuta sunansa da safiyar da zai zo, har da ranar Kirsimeti da ranar ƙanƙara. Ki sa maganar gangara a zaman. In sun toshe kunne, lokacin ba da shaida yana nan, kuma a ranar za ki yi magana ba da tsoro a cikinki ba. Cocin nan naki ne kamar yadda yake nasa.

Saura Lonnie, kuma shi ba zai jira Oktoba ta ƙare ba. Ranar ashirin da huɗu za ki zauna gaban jami'i ki ce mutumin nan ba mijinki ba ne, ki maimaita, ki sa hannu, wataƙila yana zaune a benci a waje yana jiyowa. Gaskiya ce, dole ki faɗe ta. Amma ya riga ya ji ta sau ɗaya da tsawa. Kafin ya ji ta a bakinki gaban hukuma, ki kira shi ki zaunar da shi, ki faɗa masa amsar da za ki ba shi da dokar ba ta tsaya a tsakaninku ba. Shekara bakwai yana jin a'a, ya cancanci ya san ba daga zuciyarki take fitowa ba.

Allah ya ba ki sa'a ranar nan, ya bar ki a ɗakinki, ya sanyaya miki rai ke da shi.

Anti Opal