Gwiwar Mutmainna

Lafiya, Jihar Nasarawa

Zuwa ga ƙanena Muhyiddin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya a Alƙahira. Allah ya ƙara mana lafiya da tsawon rai. Mu nan alhamdu lillahi, Inna ta samu sauƙin hawan jinin, damina kuma ta yi kyau a Assakio.

Ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki biro ba. Kwana tara ke nan da 'yarka Mutmainna ta zo hutu, gari kuwa ya ɗauka, har masu keke suna nuna gidanmu wai nan ne gidan mai buga tanis a talabijin. Ranar Juma'a na leƙa ɗakinta da la'asar, na tarar tana sallah a zaune kan kujera. Shekararta ashirin da huɗu, Muhyiddin. Inna mai saba'in da ɗoriya har yau goshinta yana taɓa ƙasa. Washegari na same ta a kicin tana ɗumama gishirin Awe a tsumma tana gasa gwiwa, ta roƙe ni kada in gaya maka. Da na matsa, ta ce gasa uku ke nan ana yi mata allurar kashe zafi kafin ta shiga fili, kuma kai ne kake riƙe mata jaka a ƙofar likita.

Na kai ta wurin Malam Iortyer, wanda ya fara damƙa mata raket tana 'yar shekara takwas. Ya sa ta tsuguna, ta kasa. Sai ya ce ya taɓa ganin irin wannan gwiwar sau ɗaya, mai ita yanzu da sanda take zuwa coci. Likitan ƙashi kuma ya duba hoton gwiwar ya ce jijiyar saura ƙiris, in ta tsinke ba lallai ta ɗinku ba.

Na san abin da za ka ce: matsayinta a jerin 'yan wasa zai faɗi in ba ta buga gasar watan gobe ba. Na karanta dokokin nan, ƙila fiye da kai. Matsayi yana dawowa. Ƙafa fa? In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Jiya ka aiko mata da tikitin jirgi na ranar Talata. Ta karanta, ta shiga ɗaki, ta fito ta miƙo mini fasfonta da hannunta. Yana cikin akwatina. In kana so, ka zo Lafiya da ƙafarka ka karɓa, amma sai ka fara zama ka kalli 'yarka ta yi raka'a biyu.

Ka gaida Rabi'a da Zakiyyu. Inna tana gaishe ka, ban gaya mata ba tukuna.

Yayarka,
Zuwairatu