Alewa Biyar

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, ya yara? Ni dai ga ni nan, ciki wata bakwai, ƙafafu kamar turmi. Likita ta ce sukarina ya hau, wai cikin ne ya sa hantata take ta zuba shi a jini ba birki. Idan ban kiyaye ba, yaron zai wahala. Baba ma yana shan maganin nasa sukarin, kuma ya rantse ya bar giya. Wallahi na gaji.

Autarku.

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ki kwashe duk sukarin gidan nan ki bayar, har zumar, kada ki bar ko cokali. Na san kwaɗayinki tun kina rarrafe. Ke da Baba ku ci abinci iri ɗaya, kaɗan-kaɗan. Rantsuwarsa kuwa mun sha ji.

Ki huta lafiya,
Yayarki.

Yaya,

Ina gaisuwa. Na yi yadda kika ce, ga abin da ya biyo baya. Shekaranjiya da la'asar na tarar da Baba zaune a bakin ƙofa, gumi sharkaf, yana surutai, ga warin abin nan. Raina ya ɓaci, na tsallake shi na shige ɗaki. Na tsallake ubana, Yaya!

Maƙwabciyarmu nas ce ta ɗaga murya. Ta ce ba maye ba ne kawai: ya sha magani, bai ci abincin kirki ba, ya ɗora giya. Hanta ta shagala da giyar ta daina sako sukari, nasa ya faɗi ƙasa warwas. "Kawo sukari, maza, tun yana iya haɗiya!" Na buɗe kabad, wayam. Allah ya taimaka aka samu alewa biyar, ta jiƙa ta ba shi. Yana asibiti.

Autarku.

Auta,

Sannunku, Allah ya ƙara sauƙi. Ban runtsa ba tun da na karanta. Amma a ina aka samo alewa a gidan da aka kwashe sukari?

Yayarki.

Yaya,

A ƙarƙashin filona. Kullum ɗaya nake sha.

Baba ya dawo gida. Ya riƙe hannuna ya ce in rufa masa asirin kwalba, shi ma zai rufa min na alewa. To, ga su nan duka na faɗa miki. Ba zan iya gadin mutum biyu ba, alhali ɗayan ni ce. Ki zo.

A gaida yara,
Autarku.