Faifan Baba da Inna ta shanya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara.

Mahaifina tsohon direba ne, a Kaduna ya yi aiki da wani Bature, can ya koyo sauraron kiɗan Turawa na da, irin wanda ba waƙa a ciki, goge ne da fiyano da bushe-bushe. Ya dawo garinmu Sheme da garmaho da fayafayansa, tun muna yara muke masa dariya. Bara muka baro gida muka dawo Ƙanƙara saboda abin da kowa ya sani, tun daga nan Baba ya daina magana. Likita ya ce lafiyarsa lau. Sai dai ya saka faifai bayan la'asar ya zauna.

Da damina ɗakin ya yi yoyo, fayafayan suka jiƙe. Inna baiwar Allah ta wanke su tas da omo, ta baje su a rana kan tabarma gefen kuɓewarta. Kafin in dawo daga makaranta duk sun lanƙwashe kamar kauɗar tumatir, takardun sunayen sun saɓule. Baba ya duba ya koma ɗaki. Ni ko faɗa ban iya yi ba, har yau ma ban ji komai a raina ba, kawai na kwashe su na zuba a buhu.

Na samu wani mai sayar da fayafayai a waya, ya ce ana sake buga na da ɗin sababbi. Ashe kiɗa ɗaya makaɗa barkatai sun yi shi, wasu da sauri wasu a hankali, ni kuwa duk ɗaya nake jin su. Na zaɓi mai hoton goge aka saka min a mota. Baba ya saurara kaɗan ya ɗaga allurar, ya ce wanga ba shi ba ne. Maganarsa ta farko ke nan. Ranar bai ci tuwo ba.

Na sake sayo wani, haka. Na uku ma haka, kalmomin nan dai, sannan ya juya wa abinci baya har washegari, ga shi duk ya rame.

Yayana da ke Sabuwa ya kira yana faɗa, wai ina kashe tsoho da yunwa a kan kiɗa, in saka masa karatu. Inna kuma ta same ni a madafa ta ce kada in fasa, ko wanne ne in kawo, ita dai ta ji muryarsa. Ashe a bakin ƙofa take raɓewa duk ranar da na saka sabo.

Wani faifan ya iso jiya, yana cikin kwalinsa ban buɗe ba. Masu sanin kiɗan nan, ta ina ake gane wanda mutum yake nema idan ba ya faɗa? Kuma kafin in gane, in saka masa wannan Inna ta ji muryarsa, ko in ɓoye ya ci abinci?