Aladun Baba Sun Ƙi Ƙetare Layi

Castillos, 14 ga Afrilu, 1998

Zuwa ga Yayana Heber,

Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa mai kewar yayanta, tare da roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka da iyalinka cikin ƙoshin lafiya a can Buenos Aires. Mu nan da sauƙi. Baba yana iya zama a kujera yanzu, hannun hagu na aiki, amma tun shanyewar jikin nan bakinsa bai sake furta kalma ba. Direban motar safe zan ba takardar, don haka ka yi haƙuri da rubutun, a tsaye nake yin sa.

Yaya, maganar aladu ce ta hana ni zama. Ka san tsarin Baba: sati uku a yanki guda, sai a matsa da su gaba, ƙasa ta huta, ciyawa ta dawo, tsutsar ciki ta mutu a inda aka bar ta. Ka kuma tuna ƙofar katako da yake bari a kowane shinge, wadda bai taɓa yarda wayar lantarki ta bi ta kanta ba. To, da ya kwanta, mijina Danilo ya karɓi aikin. Ya dubi ƙofar ya ce wannan wahalar tsofaffi ce, ya ja waya ta zagaye ko'ina har bakin ƙofar. Ni ma ban hana shi ba, ina ganin dabara ce. Aladu suka kai hanci, wuta ta ja su, suka riƙe abin a ransu.

Da lokacin tashi ya yi muka naɗe wayar, muka buɗe ƙofa. Ko ɗaya bai ƙetare ba. Sai su zo daidai inda wayar take a da, su ja birki, su yi ta kururuwa. Can gaba ga ciyawa har gwiwa, ga 'ya'yan butiya, dabinon dajin nan namu, sun zube ƙarƙashin itatuwa suna ƙamshi, amma a banza. Mun zuba masara, mun kawo ruwan cuku. Danilo ya sa kafaɗa zai tura Mora, babbar uwarsu, ta kayar da shi cikin taɓo. Gwaggo Zulma da ke tsaye da ƙoƙon shayin mate a hannu ta ce masa, "Malam injiniya, ashe ɗalibanka sun fi ka riƙe karatu." Na yi dariya.

Yau sati bakwai ke nan suna wuri ɗaya. Filin ya koma kwata, ba ko tsinken ciyawa, ƙanana biyu sun fara tari da zawo. Mora kuma nononta ya cika, ba za ta wuce kwana shida ba ta haihu ba. In ta haihu a wannan ƙazantar, 'ya'yan ba za su rayu ba, kuma ita kaɗai ce uwa mai haihuwa da ta rage mana daga irin da kakanmu ya bari. Na rasa zaune na rasa tsaye. Ina ɗora tukunya in manta da ita, sai in ga kaina a bakin shinge ina kallon su suna kallona.

Gwaggo ta ce kiran Baba kaɗai zai sa su manta da tsoro, wannan doguwar kururuwar da yake yi daga maƙogwaro. Na gwada har muryata ta dishe, ko kunne ba su ɗaga ba. Ta kuma ce duk gidan nan kai ne ka gaji muryarsa, har ita kanta takan rikita ku in kuna magana a bayan ɗaki.

Na san aikinka, na san nisa. Amma jiya da hantsi Baba ya yi ta nuna ƙofa har muka ɗauke shi da kujerarsa muka kai shi ƙetaren layin da wayar take a da. Aladu suka taru, suka yi tsit suna jiransa. Ya buɗe baki sau uku, sai iska. Da na sunkuya zan share masa fuska, ya riƙe hannuna ya ɗaga shi, ya nuna hanyar da mota ke shigowa. Yau ma can ya sa aka ajiye shi, fuskarsa na duban titi. Ka zo kafin Asabar, Yaya.

Ka gaida matarka Mabel, da Nahuel da 'yar ƙaramarmu Yamila. Gwaggo Zulma na gaisuwa, Danilo ma, ko da yake kunya ta hana shi sa hannu.

Ƙanwarka da ke zuba ido,
Griselda